Baƙo da Abin da Zai Gani a Ƙasar Karaye da Rogo

Jawabi ga hakimai da malamansu

 

Maganar wannan jawabi a kan baƙo ce, watau mutumin da ya zo ƙasa domin ya huta, ya sha iska, ya ga gari, sa'an nan ya koma gidansu. An ɗauki Ruwan Bago ta ƙasar Rogo a matsayin misali, domin garin manoma ne kamar sauran garuruwan masarautar, abin da ya yiwu a can kuwa zai yiwu a ko'ina. Irin wannan baƙo abu uku yake nema: wurin da zai kwana lafiya, da wurin da zai zauna ya ci abinci ya yi hira, da hanyar da zai bi a ƙafa ya ga abin da bai saba gani ba. Duka ukun akwai su a ƙasar Karaye da Rogo. Sai dai yawancinsu a bakin mutane suke, ba a kan takarda ba, abin da ke baki kuwa yakan tafi tare da mai shi. Rubuta su da tsare su aikin hakimi ne da malaminsa.

Ƙasar da ake magana a kai

Masarautar Karaye ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyu, Karaye da Rogo, bisa ga dokar da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu cikin watan Yuli na 2024. Tana yammacin Jihar Kano, tana maƙwabtaka da Gwarzo da Kiru, ta kuma yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 140,000 a Karaye, fiye da 220,000 kuma a Rogo. Ruwan Bago ɗaya ce daga mazaɓu goma na Rogo, tare da irin su Zarewa, da Fulatan, da Gwangwan, da Beli, da Zoza.

Akwai wani abu ƙarami da ya kamata malamai su lura da shi tun farko. Cikin mazaɓun Rogo akwai wadda ake kira Falgore. Wannan dabam take da dajin Falgore na namun daji, wanda ke can kudancin jihar wajen Tudun Wada da Doguwa. Baƙon da ya ji sunan daga nesa yana iya ɗauka wuri ɗaya ne, ya ɓata yini guda a mota a banza. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Irin wannan ɓatan kai layi ɗaya a takarda ya isa ya hana shi.

Su wane ne baƙin?

Wani zai ce, wa zai bar birni ya zo hutu Ruwan Bago? Amsa ita ce baƙin suna nan suna zuwa, ba a dai ƙidaya su ba ne.

Na fari su ne 'yan bautar ƙasa. Tun 1973 Gwamnatin Tarayya ta kafa wannan tsari, wanda ke tura matasan da suka gama karatu mai zurfi zuwa jihohin da ba nasu ba. Sansanin horon waɗanda aka turo Jihar Kano yana Kusalla, kusa da garin Karaye. A nan suke yin mako uku kafin a rarraba su wuraren aiki, ana kuwa kawo su rukuni rukuni cikin shekara. Cikinsu akwai 'yan Legas, da Kalaba, da Fatakwal, mutanen bakin teku waɗanda wasunsu ba su taɓa ƙetare kogin Kwara ba. Ƙasar Karaye ita ce Arewar da suka fara zama a cikinta, abin da suka gani a nan kuwa shi za su kai wa iyayensu labari.

Na biyu su ne 'yan ƙasa da neman abinci ya kai Kano ko Kaduna ko Kudu, waɗanda ke zuwa gida da Salla tare da 'ya'yansu haifaffun birni. Yaran nan baƙi ne a garin kakanninsu. Na uku su ne ɗalibai da malamansu masu yawon buɗe ido, da ma'aikata masu rangadi, da mutanen birnin Kano da ke son kwana ɗaya ko biyu nesa da hayaƙi da hayaniya.

Kowane ɗayan waɗannan yana sayen abinci, yana hawan babur, yana biyan ɗan rakiya, yana komawa da tsaraba. Kuɗin nan ba su da yawa a hannun mutum ɗaya, amma kai tsaye suke shiga aljihun talaka, ba su biya ta ko'ina.

Bakin ruwa

Arewa ba ta da teku. Amma a ƙasar Karaye akwai ruwan da mai tsayuwa a bakinsa zai daɗe yana kallo, watau madatsar Challawa, wadda ke kimanin kilomita 90 daga birnin Kano. Kamfanin Julius Berger ya gina ta tsakanin 1990 da 1992. Tsayin bangonta mita 42 ne, tsawonsa kuwa ya kusa kilomita 8. Tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900. Domin a gane wannan lissafi, kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, watau cikin jarka 50 masu lita 20. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita, saboda haka wanda ke son hawa bangon ko kusantar ƙofofin ruwa sai da izinin ma'aikatanta.

Ɗan rakiya ya kamata ya san labarin ruwan, gama baƙo zai tambaya. Ruwan da aka saki daga nan yana gangarawa gabas, birnin Kano ya sha daga cikinsa, sa'an nan ya gamu da kogin Kano su zama kogin Haɗeja. Daga can ya ratsa Wudil da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun Nguru, abin da ya rage ya bi kogin Yobe zuwa tafkin Chadi. Ya kamata kuma a faɗa wa baƙo gaskiyar abin da madatsar ta ci. Ta ba mutanen bakinta, irin su Turawa da Sakarma, kamun kifi da noman rani, amma ƙarƙashin ruwan nan akwai gonakin da aka gada tun kakanni. Can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, ita da madatsar Tiga sun rage ambaliyar da manoma da makiyaya suke dogara a kanta kowace shekara. Baƙon da aka gaya wa wannan zai kalli ruwan da idon mai hankali.

Abin gani a bakin ruwa ba ya bukatar gini. Da sassafe masunta suna dawowa da komarsu, ana cinikin karfasa da tarwaɗa a gaɓa, mata suna suya, wasu suna banda. Zalɓe yana tsaye cikin ruwa, balbelu suna bin shanu mashaya. Da yamma iska takan taso ta kan ruwa ko da bazara ce. Madatsar Kusalla ba ta kai Challawa girma ba, amma ta fi kusa da gari, ta kuma fi sauƙin zuwa ga mai iyali.

To, amma ruwa ba abin wasa ba ne, a nan ne kuma nauyin hakimi ya fi yawa. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021 rana ce da mutanen Kano ba za su manta ba. A ranar wani jirgi ya kife a madatsar Watari ta ƙasar Bagwai, mutum 29 aƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan makarantar Islamiyya da ke hanyar zuwa taron Maulidi. Jirgin ya ɗauki fiye da abin da zai iya. Abin da ya faru a Watari yana iya faruwa a kowane ruwa. Saboda haka wajibi ne hakimi ya zauna da sarkin ruwa da masu jirage, a yanke adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, a rubuta adadin da fenti a jikinsa inda kowa zai gani. A tanadi rigunan da ke hana nutsewa, a hana tashi bayan la'asar sakaliya, a hana tashi in hadari ya haɗu. Mai jirgin da ya ƙi, a kai sunansa gaba.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani, watau tsargiya. Ƙwayar cutar tana zama cikin 'yan ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu, ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai tsayuwa cikin ruwa, bayan wani lokaci mutum ya ga jini a fitsarinsa. Tana da magani a asibiti, amma rigakafi ya fi. A gargaɗi baƙo kada ya yi wanka ko iyo a gaɓa, kome zafin rana.

Hanyoyin ƙafa da burtali

A nan yana da kyau a duba abin da wata ƙasa ta yi. A Ingila akwai ƙauyukan bakin teku da yawa waɗanda abincinsu ya dogara ga masu zuwa hutu. Cikin abubuwan da ke jan mutane can akwai hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonaki da makiyaya. A kudu maso yammacin ƙasar akwai wata hanya mai bin bakin teku har mil 630. Asalinta turbar masu gadin gaɓa ce da ke tsaron 'yan fasa-ƙwauri. Abin da ya tsare irin waɗannan hanyoyi kuwa shi ne wata doka ta 1949, wadda ta tilasta wa hukumomin gundumomi su bi kowace hanya, su sa ta a taswira. Mutanen ƙauyuka da kansu suka taimaka wajen bin hanyoyin suna rubutawa. Hanyar da ta shiga taswira ta zama haƙƙin jama'a, mai gona ba shi da ikon toshe ta.

Ƙasar Rogo da Karaye cike take da hanyoyi irin waɗannan. Akwai turbar da ke kai mata rijiya, da wadda 'yan kasuwa ke bi daga ƙauye zuwa ƙauye, da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo tun 1965, amma kowane dagaci ya san yadda burtali yake mutuwa. Ba a rana ɗaya ake cinye shi ba. Bana mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya, baɗi na hagu ya ga haka ya ƙara biyu. Bayan shekara goma wurin da garke ke wucewa ya koma inda jaki ɗaya zai ratsa da ƙyar. Daga nan shanu su faɗa gona, a yi faɗa, wani lokaci har a zub da jini, magana ta zo gaban hakimi ba wanda ya san inda iyakar take tun asali, domin tsofaffin da suka sani sun rasu.

Ashe ke nan rubuta hanya saboda baƙo aiki ne mai riba biyu. Takardar da za ta nuna wa baƙo inda zai bi, ita ce za ta raba gardama tsakanin manomi da makiyayi.

Ga yadda za a yi. Malamin hakimi ya fita da ƙafarsa tare da dagaci, da ardo, da dattijo ɗaya ko biyu na garin. A Ruwan Bago, alal misali, sai a fara daga ƙofar gidan dagaci, a bi kowace hanya har inda ta ƙare. A rubuta inda ta fara da inda ta tsaya, da minti nawa take ci ga mai tafiya a hankali, da faɗinta taki nawa ne a wuri uku ko huɗu. A rubuta alamun da ba su gusawa, kamar kuka, ko tsamiya, ko dutse, ko rijiya. A rubuta mashigin rafi, da watan da yake cika har ba ya ƙetaruwa. Waɗanda suka je su sa hannu. Hanya biyu a mako ta isa, kafin rani ya ƙare an gama da gari guda.

Daga cikin hanyoyin nan sai a zaɓi biyu ko uku da suka dace da baƙo. Ɗaya ta bi ta fadama, inda zai ga rake, da tumatir, da albasa, da yadda ake ban ruwa. Inda ake mazarƙwaila a tsaya da shi ya ga yadda ake matse rake, a dafa ruwansa har ya yi kauri, a zuba a ƙananan mazubai ya daskare. Mutumin birni da ya saba ganin sukari a kwali zai yi mamaki. Ɗaya kuma ta bi ta gonakin tudu zuwa wani ƙauye ranar kasuwarsa. A kan hanya ɗan rakiya ya riƙa nuna masa itatuwa da amfaninsu: ɗorawa mai ba da kalwa ta daddawa, kaɗanya mai man kaɗe, kuka mai miya, da gawo wanda ke zub da ganye da damina ya tofo da rani, shi ya sa manomi ba ya sare shi. Kowane yaro na ƙauye ya san waɗannan, amma ga ɗan Fatakwal ilmi ne sabo.

Lokacin da ya fi dacewa da tafiya shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, watau daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Amfanin gona ya shiga rumbu, hanyoyi sun bushe, rana ba ta da zafi ƙwarai. Da damina kuwa a tsare baƙo a kan turba, kada ya taka shuka.

Inda baƙo zai zauna ya ci

A ƙauyukan Ingila da aka ambata, mai tafiya in ya gaji yakan shiga gidan giya na garin. Can ne ake cin abinci, ake hira, ake jin labarin gari. A Jihar Kano an ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, doka kuma ta hana sayar da giya, don haka wannan ba abin koyi ba ne. Amma bukatar da gidan yake biya tana nan, ƙasar Hausa kuwa tana da nata wuraren da ke biyanta tun da daɗewa. Akwai teburin mai shayi, da tukubar mai tsire, da inuwar da 'yan matan Fulani ke dama fura da nono, da gidan mai waina, da dakalin da dattawa ke zama bayan magariba.

Teburin mai shayi ya fi kowanne muhimmanci, gama nan ne baƙo yake fara zama, nan ne kuma yake yanke wa gari hukunci. In ya tarar da ruwan wanke kofi ya yi baƙi, ƙudaje sun rufe burodi, zai ce haka garin yake. In an sayar masa da shayi ninki biyu domin an ji harshensa ba na nan ba ne, zai gane kafin dare, ba zai kuwa manta ba. Ribar da mai shayi ya ci a ranar ba ta kai abin da gari ya yi hasara ba.

Saboda haka ya kamata hakimi ya umarci sarkin kasuwa, da sarkin fawa, da malamin tsabta su riƙa zagayawa. Abin da za a nema kaɗan ne: ruwa mai tsabta a rufe, abinci a rufe, wurin zub da shara nesa da tebur, da farashi ɗaya ga baƙo da ɗan gari, a rubuce a allo in ya samu. Wanda ya tsare waɗannan a sa sunansa cikin littafi, a riƙa tura masa baƙi. Wannan lada ta fi tara aiki.

Baƙi mata suna da tasu bukata. Cikin 'yan bautar ƙasa mata suna da yawa, al'adar garuruwan nan kuwa ba ta saba da mace a teburin mai shayi ba. Kada a bar baƙuwa ta zauna da yunwa, kada kuma a bari ta zama abin kallo. Kowane gari yana da dattijuwa mai mutunci da ke sayar da waina ko ɗanwake ko tuwo a cikin gida. A nemi yardarta da ta maigidanta, a riƙa kai mata baƙi mata.

Haka kuma a gaya wa baƙo al'adun gari tun ranar da ya sauka, da lalama. Namiji ba ya shiga cikin gida sai an yi masa iso. Ba a ɗaukar hoton mutum, balle mace, sai an tambaya. Lokacin salla ciniki yakan tsaya, da azumi kuma abinci yakan yi wuya da rana. Yawancin abin da ake kira rashin kunyar baƙo rashin sani ne. Baƙon da ba Musulmi ba shi ma amana ne a hannun gari, haƙƙinsa na tsaro da mutunci daidai yake da na kowa.

Masauki

Cikin shekarun 1970, zamanin da aka gina manyan madatsun ruwa na Kano a ƙarƙashin Gwamna Audu Bako, an gina babban otal a bakin tafkin Bagauda. Ya yi suna ƙwarai a lokacinsa. Daga baya ya daina karɓar baƙi, gine-ginensa suka koma makarantar horon lauyoyi. Abin koyi a nan shi ne babban gini yana cin kuɗi kowace rana, ko da baƙo ko babu. Gari kamar Ruwan Bago ba ya bukatar ya jira irin wannan. Ɗaki ɗaya ko biyu masu shara, da ƙofa mai kulle, da gidan sauro, da randar ruwa, da masai mai murfi, sun isa. Shimfiɗar fuska kuwa ta fi ta tabarma.

Tsohuwar al'ada ita ce duk wanda ya sauki baƙo ya kai shi gaban mai unguwa. Wannan al'ada ta fi zama tilas a yau, da yake satar shanu da satar mutane sun addabi wasu ƙasashen maƙwabta. A rubuta sunan baƙo, da garinsu, da mai masaukinsa, da ranar zuwansa da ta tafiyarsa. Kada a yi masa wannan da fuskar tuhuma. A bayyana masa cewa domin tsaron kansa ne, in wani abu ya same shi a san inda za a nema. In kuwa hakimi ya ga wata hanya ba ta da lafiya a wani lokaci, ya faɗa a fili, ya hana zuwa. Ɓoye haɗari domin kada sunan ƙasa ya ɓaci shi ne ke ɓata shi in abin ya auku.

Tarihi da sana'a

Karaye tsohon gari ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ba da labarin Wambai Giwa, wanda ya zauna a Karaye zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi mulki daga 1618 zuwa 1623. Daga nan yake kai wa Katsinawa yaƙi, ya tara dawaki da dukiya har aka ji tsoron ƙarfinsa, aka tuɓe shi zamanin Sarki Kutumbi. Wannan ya nuna cewa shekara 400 da suka wuce ƙasar nan ita ce garkuwar Kano ta yamma. Ƙasar da ta ga irin wannan ba ta rasa kufai, da guntun ganuwa, da tsofaffin karofi, da zuriyar maƙera da masaƙa. Malami ya zauna da tsofaffi tun suna da rai, ya rubuta abin da suka ji daga iyayensu, ya kuma rubuta sunan wanda ya faɗa. Hakimi ya hana ɗibar ƙasar ganuwa domin gini.

Kada a raina abin gida. Bikin kamun kifi na Argungu a 1934 ya soma, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin. Su da gora da koma ne kawai, irin waɗanda masunta suka saba aiki da su. Mutanen Kabi suka riƙe shi shekara da shekaru, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Hawan Salla na Kano ma ya shiga a 2024.

Littafin malamin hakimi

A taƙaice, kowane ofishin hakimi ya buɗe littafi ɗaya mai bango mai ƙarfi, a ba kowane gari shafinsa, a rubuta waɗannan:

1. Hanyar mota zuwa garin, da halinta da rani da damina.
2. Ranar kasuwa, da abin da ta fi suna da shi.
3. Masu ɗakin baƙi, da masu abincin da aka yarda da tsabtarsu.
4. Hanyoyin ƙafa da burtali, da faɗinsu, da alamunsu.
5. Masu jirage, da adadin mutanen da aka yanke wa kowane jirgi.
6. Wuraren tarihi da na sana'a, da wanda za a nemi izini wurinsa.
7. Samari biyu ko uku masu natsuwa da za su yi rakiya, da ladan da aka yanke musu. In akwai mai jin Turanci a sa shi ciki.
8. Asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa, da ofishin 'yan sanda.

A duba littafin sau ɗaya a shekara bayan kaka, a gyara abin da ya sake. A aika da kwafi fadar Sarki da ƙaramar hukuma, a kuma ba shugabannin sansanin Kusalla taƙaitaccen bayani domin matasan da za a tura garuruwan. Malamin da aka yi wa canjin wurin aiki ya damƙa littafin ga magajinsa hannu da hannu a gaban hakimi.

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗin Gwamnati. Littafi ne, da alƙalami, da tafiyar ƙafa ta 'yan makonni. Ana roƙon hakimai su sa a fara da gari ɗaya cikin wannan rani, su duba littafin da kansu lokacin rangadi, su kuma sanar da dagatai da masu unguwanni abin da ke cikin wannan jawabi.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya ba da damina mai albarka, ya kai kowane baƙo gidansu lafiya, amin.